Ranar Ƙwallo a Makarantun Da: Abin da Kawu Ya Gani, Mu Muka Rasa

A hutun da ya wuce, ran da na dawo gida Kazaure daga jami'a, na tarar da ƙanena da abokansa suna musu a zaure kamar za su daki juna. Abin da ya haɗa su shi ne wa ya fi wani tsakanin Real Madrid da Barcelona. Ƙanen nawa yana aji biyar na sakandare. Da musun ya lafa sai na ce ya lissafo mini 'yan wasan Madrid goma sha ɗaya. Bai ko numfasa ba ya jero su, har da na benci, har da kuɗin da aka sayo wasunsu. Sai na ce, "To, wane ne golan makarantarku?"

Ya yi shiru. Ya dubi abokansa, su ma suka dube shi. Can ya ce, "Yaya, anya ma muna da gola kuwa?"

Kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, yana zaune a gefe kan tabarma yana jin mu. Bai sa mana baki ba. Tashi ya yi ya shiga cikin gida, jim kaɗan ya fito da wani tsohon hoto marar launi wanda gefensa ya fara cinyewa. Samari ne goma sha ɗaya a jikinsa, shida a tsaye, biyar a tsugune, ga wani malami mai usur rataye a wuya. Uku daga cikinsu ko takalmi babu a ƙafarsu. Na tsakiya a layin gaba, wanda ya rungume ƙwallo kamar za a ƙwace masa, shi ne Kawu.

Ya ce, "A zamaninmu, ko mai sayar da rake a bakin tasha ya san sunan golan makaranta."

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Na san manya suna da son yabon zamaninsu, don haka ban ɗauki maganar da muhimmanci ba da farko. Amma kwana uku na yi ina jan Kawu da hira, har ya goya ni a babur ya kai ni filin da suka yi wasa. Abin da na ji da abin da na gani su ne na kawo muku a wannan mako, 'yan uwana ɗalibai.

Shiri tun daga Litinin

Kawu ya yi sakandare ta kwana ne a tsakiyar shekarun 1980. A lokacin babu Jihar Jigawa, sai a ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire ta daga Kano. Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura duk a ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kano suke. Makarantun sakandare ba su da yawa kamar yanzu, kuma galibinsu na kwana ne. Yaron Gwiwa da yaron Roni da wanda aka turo daga birnin Kano sai su haɗu a ɗaki ɗaya, su ci tuwo a kwano ɗaya shekara da shekaru.

Ya ce ranar wasa ba ta zuwa da bazata. Tun ranar Litinin a taron safe shugaban makaranta zai sanar cewa ranar Asabar akwai baƙi. Daga nan makaranta ta ɗauki harama. Idan ƙarshen damina ne, 'yan aji ɗaya da aji biyu su ne da langa-langa, su share ciyawar filin har sai hannu ya yi kanta. Wasu a tura su kicin su kwaso toka a bokiti. Da tokar nan ake zana layukan fili, malamin wasanni yana gaba da igiya, yara suna binsa a baya suna zubawa. Idan babu raga, masu iya saƙa su haɗa da igiyar rama. Ƙwallon kuwa ta fata ce, guda ɗaya ko biyu makaranta ta mallaka, kuma a ofishin malamin wasanni take kwana. In ta yage a kai wa baduku ya ɗinke. In ta sha ruwa, nauyinta kan sa wanda ya sa mata kai ya ga taurari da rana tsaka.

Riguna saiti ɗaya ne, ana gadonsu daga siniyoyi zuwa na baya. Ranar Alhamis ake wanke su, ranar Juma'a da daddare kyaftin ya raba. Kawu ya ce daren da aka fara miƙa masa rigar gola, a ƙarƙashin matashinsa ta kwana, shi kuma bai runtsa ba.

Sunayen waɗanda za su buga ana liƙa su ne a allon sanarwa da yammacin Juma'a. Wanda ya ga sunansa, ranar ko layin abinci ba ya bi. Wanda kuma ya faɗi jarrabawar wata, ko aka kama shi ya tsallake katanga, ko da shi ne lamba tara, malamin wasanni zai ja layi a kan sunansa. Kawu ya ce akwai abokinsa da bai taɓa son lissafi ba, amma tsoron a cire shi daga jerin nan ya sa ya riƙa kwana da littafi.

Asabar bayan La'asar

Wasa sai an idar da sallar La'asar ake farawa, a tashi kafin Magariba. Amma tun azahar hanyar makaranta take cika. Masu rake su jingina dami a gindin bishiya. 'Yan mata masu tallan gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dafaffen rogo su jeru. Ga mai lemo yana feraye, ga mai goruba da aya. Masu kekuna su zo daga ƙauyuka, wasu a ƙafa. Tela ya rufe shago, makaniki ya wanke hannu. 'Yan firamare su ɗare kan bishiyoyin darbejiya da ke kewaye da fili, don nan ne benensu.

Babu kujeru sai 'yan kaɗan da aka ɗebo daga ɗakin malamai aka jera wa manyan baƙi. Sauran jama'a a tsaye suke, an ja igiya, 'yan sikawut suna riƙe da sanduna suna mayar da wanda ya ƙetare layi. 'Yan badujalar makaranta suna gefe da gangunansu. Wani lokaci makaɗin gari ma yakan zo da kalangunsa ba tare da an gayyace shi ba, ya riƙa yi wa 'yan wasa kirari da sunan iyayensu da garuruwansu.

Baƙi kuma a motar makaranta suke zuwa, irin babbar motar nan mai bodin katako. Tun daga nesa za a hango ƙura, a ji waƙa tana tashi. Kafin su sauka an tanadar musu ruwa a randa da wurin sallah. Doka ce: baƙo ne ke fara shan ruwa, ko da kuwa shi ne zai zura muku ƙwallo nan da awa ɗaya.

A hutun rabin lokaci ba wani abin sha na gwangwani. Lemo ne ake yankawa gida huɗu, sai garin gulukos da malami ke zuba wa kowa a tafin hannu ya lashe. Kawu ya ce har yau in ya ji ƙanshin ɓawon lemo da yamma lokacin hunturu, sai gabansa ya faɗi kamar za a busa usur.

Na tambaye shi ko sun fi 'yan yanzu iya ƙwallo. Ya yi dariya ya ce a'a. Ya ce yaran yanzu sun fi su sanin dabaru, sun ga manyan 'yan wasan duniya da idonsu, su kuwa a rediyo kawai suke jin yadda ake yi. Abin da suke da shi wanda babu yanzu shi ne 'yan kallo da suka san su. Idan ka yi yanka mai kyau, wanda ya yi ihu maƙwabcinku ne. Idan ka ɓarar da fenariti, gobe mai shayi zai tambaye ka dalili.

Wasan da bai manta ba

Na ɗauka zai ba ni labarin ranar da suka ci kofi. Sai ya ba ni labarin ranar da aka ci su.

Sun tafi wasa ne ɓangaren Babura, can kusa da iyakar Nijar. Hanya ba kwalta a wurare da dama, rairayi ya riƙe motar har sau biyu. 'Yan wasa da 'yan rakiya suka sauko suka yi ta turi. Da suka isa, ƙafafunsu sun riga sun yi nauyi, jama'ar gari kuma sun cika fili suna jira tun ɗazu. Aka yi ta fafatawa ba ci, har saura 'yan mintoci a tashi. Sai wani siririn yaro mai buga gefen hagu, ba takalmi a ƙafarsa, ya yanke 'yan baya biyu ya buga wata ƙwallo da Kawu ya ce har yau bai san ta inda ta wuce shi ba.

Ya ce ya zauna a gindin turke yana kuka, shi da yake ganin ya girma. Wanda ya zo ya ɗaga shi, yaron nan ne da ya ci shi. Ya kama hannunsa ya kai shi ɗakinsu, suka ci tuwon dare tare, don motar ba ta iya komawa a daren ba. A ajin makarantar suka kwana, masu masaukin suka ba su tabarminsu.

Yau kusan shekara arba'in ke nan. Yaron nan ya zama magidanci mai jikoki, yana sana'arsa a Babura. Duk bikin da za a yi a gidan Kawu sai ya zo, duk rasuwar da aka yi a gidansa sai Kawu ya je. Lokacin da aka aurar da 'yar Kawu ta fari, shi ne ya karɓi waliccin ango don sun haɗa dangantaka ta nesa da ba su ma sani ba sai daga baya. Kawu ya ce, "Ka ga, ɗana, ƙwallo ɗaya ya ci ni, ni kuma na ci ɗan uwa."

Kazaure da Roni da Gwiwa suna cikin masarautar Kazaure, Babura kuma tana cikin masarautar Ringim. Amma ga waɗanda suka yi makaranta a wancan zamani, waɗannan garuruwa sunayen abokai ne da filayen da suka taɓa zubar da gumi. Ni da na tashi a zamanin waya, ina da abokai a Facebook daga Legas har Landan, amma ban san ɗalibi ko ɗaya daga Gwiwa ba sai da na shiga jami'a.

Ba a nan kaɗai ba

Abin da Kawu ya ba ni labari reshe ne na wata babbar bishiya. A Najeriya, makarantun sakandare su ne gonar da ake shuka 'yan ƙwallo. A Legas akwai gasar Kofin Shugabannin Makarantu wadda ta yi suna ƙwarai. Kwalejin St Finbarr's da ke Akoka ita ce ta fitar da Henry Nwosu, wanda yana matashi ya shiga tawagar da ta ci wa Najeriya Kofin Afirka na farko a 1980, ranar da aka doke Aljeriya da ci 3 da nema a Legas. Daga makarantar nan ne kuma Stephen Keshi ya fito, wanda ya ɗaga Kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ɗaga shi yana koci a 2013. A nan Arewa, ƙungiyar Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar lig ta ƙasa a 1978, tun kafin a kafa Kano Pillars a 1990. A Kano ne kuma ake yin gasar matasa ta Kofin Ramat, don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad.

A watan Agusta 1985, lokacin Kawu yana gida hutu, yaran Najeriya suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin. Shi ne karo na farko da aka yi gasar, kuma Jamus ta Yamma suka doke da ci 2 da nema a wasan ƙarshe. Kawu ya ce a rediyon kakanmu suka ji labari. Da aka koma makaranta, filin ƙwallo ya yi wa yara kaɗan, don kowa ya ga cewa sa'o'insa ne suka yi wannan abu. Najeriya ta sake cin kofin a 1993 da 2007 da 2013 da 2015.

Idan muka leƙa waje, a Amurka har gobe ranar wasan makarantu ranar biki ce. Tasu ƙwallon daban ce, mai siffar ƙwai, da hannu aka fi ɗaukarta. Jami'o'insu sun fara karawa da juna tun 1869, lokacin da Rutgers ta haɗu da Princeton. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, alhali garin da jami'ar take bai kai mutum 130,000 ba. Ranar Asabar tsofaffin ɗalibai sukan taho daga nesa da 'ya'yansu da jikokinsu, su yi girki a bakin fili, 'yan badujala suna kiɗa. Kuɗinsu da gine-ginensu sun fi namu nesa ba kusa ba. Amma abin da ke kai su filin shi ne abin da ke kai tela da makaniki filin su Kawu: makarantar tasu ce, yaran nasu ne.

Kada mu yi wa jiya kwalliya

Da na ga hirar ta yi daɗi da yawa, sai na tambayi Kawu ko babu abin da ya ƙi a wancan zamani. Ya ce akwai, kuma da yawa.

Akwai faɗa. Wani lokaci alƙalin wasa zai busa satar gida, 'yan kallo su ce ba su yarda ba, a tashi da jifa. Ya ce ya taɓa ganin an rako alƙalin wasa har cikin ofishin shugaban makaranta an kulle ƙofa. Akwai sojan haya: makaranta ta ɗauko ƙaton saurayi daga gari wanda ya bar karatu tuntuni, ta sa masa riga ta ce ɗalibi ne. Akwai camfi, har wasu su tashi da tsakar dare su je su binne laya a bakin raga, maimakon su yi atisaye. Wanda ya karye a fili, sai dai a kai shi wajen maɗori, kuma da yawa ƙwallonsu ta ƙare daga ranar. Siniyoyi kan mayar da ƙananan ɗalibai bayi, su ne wankin riga, su ne ɗaukar ruwa.

Sannan 'yan mata ba su da wuri a labarin nan sai na talla a bakin fili. 'Yan makarantun mata suna nasu guje-guje da ƙwallon hannu da ƙwallon raga a cikin harabarsu, amma gari bai cika zuwa kallo ba, ba a kuma ajiye sunayen gwanayensu ba. Ƙanwata da ke karanta wannan shafi tana da haƙƙin ta ce ita ba ta ga abin kewa a nan ba. Idan za a dawo da ranar wasa, sai a dawo da ita da gyara, a ba makarantun mata tasu ranar, a filinsu, cikin shigar da ta dace da mu, iyaye mata su zo su yi kallo.

Ina ranar ta tafi?

Ba mutum ɗaya ne ya kashe ta ba. Abubuwa ne suka taru.

Na farko, ɗalibai sun ƙaru ƙwarai. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa, bayan 'yan shekaru yaran suka iso sakandare. Aka buɗe makarantun jeka-ka-dawo da yawa, abin alheri ne, don yaran da da ba za su yi karatu ba sun samu. Sai dai ɗan jeka-ka-dawo da an tashi yake tafiya gida, ko gona, ko kasuwa, ko Islamiyya. Babu wannan yammacin da ɗaruruwan yara ke zaune wuri ɗaya ba abin yi sai wasa. Inda azuzuwa suka yi kaɗan kuma, filin ƙwallo ne wuri mafi sauƙi da za a kafa sabon gini.

Na biyu, kuɗi. Daga 1986, lokacin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, komai ya yi tsada. Idan shugaban makaranta zai zaɓa tsakanin buhun masara da man motar zuwa wasa, kowa ya san abin da zai zaɓa. Motocin makarantu suka tsufa, aka jingine su a kan duwatsu.

Na uku, jarrabawa. WAEC da NECO da JAMB sun sa iyaye da malamai suna ganin duk awar da ba a aji aka yi ta ba asara ce. Darasin motsa jiki ya koma abin da ake rubutawa a allo.

Na huɗu, allon talabijin. An fara gasar Firimiya ta Ingila a 1992, tauraron ɗan'adam ya kawo ta har ƙauyukanmu, wayar salula ta shigo a 2001. Yanzu ranar Asabar bayan La'asar, daidai lokacin da ake busa usur a filin su Kawu, matasa suna cikin gidan kallo, a rumfar kwano mai zafi, sun biya kuɗi suna ihu saboda mutanen da ba su san da zamansu ba. Ni ma ina cikinsu, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne cacar ƙwallo da ta biyo baya. Na san ɗalibin da kuɗin rajistar jarrabawarsa ya tafi a kan wasan da aka buga a wata ƙasa da ko a taswira ba zai iya nuna ta ba.

Ni kaina shekara shida na yi a sakandare, sau biyu kacal na ga makarantarmu ta kara da wata. A na biyun ma ba mu kai mu hamsin a bakin fili ba.

Ranar da Kawu ya kai ni tsohon filinsu, mun tarar an gina azuzuwa a rabinsa. Ɗaya rabin awaki ne ke kiwo, hanyar masu babur ta ratsa ta tsakiya. Turke ɗaya na ƙarfe yana nan tsaye, ya yi tsatsa, wani ya ɗaura masa igiyar shanya. Kawu ya tsaya a gabansa, ya auna taku takwas zuwa hagu, ya ce nan ɗayan yake. Ya daɗe yana kallon wurin. Ban ce masa komai ba.

Abin da ɗalibi zai iya yi

A 2021 Ma'aikatar Matasa da Wasanni ta Tarayya ta farfaɗo da Kofin Shugabannin Makarantu na ƙasa baki ɗaya. Abu ne mai kyau. Amma gasar ƙasa ba za ta zo ta share muku fili ba. Su Kawu ba daga Legas aka aiko musu da toka ba.

Ku duba abin da ake bukata. Fili mai tsawon mita 90 zuwa 120, da faɗin mita 45 zuwa 90. Faɗin raga mita 7.32, tsayinta mita 2.44. Wurin bugun fenariti mita 11 daga layin raga. Da'irar tsakiya mita 9.15 daga ɗigon tsakiya. Malamin lissafi zai ji daɗi ku roƙe shi ya fito da ku ku auna, don darasi ne a fili. Toka tana nan a kowane gida. Ƙwallo ɗaya da usur ɗaya, aji guda zai iya haɗa kuɗinsu.

Ku fara daga cikin gida: aji da aji, ko gida da gida. Idan abin ya kankama, shugaban ɗalibai da mai kula da wasanni su rubuta takarda cikin ladabi zuwa ga shugaban makaranta, ta hannun malamin wasanni, a nemi izinin gayyatar makaranta mafi kusa wasan sada zumunta. Wadda za a iya zuwa a ƙafa ko a keke ta fi, don kada maganar mota ta kashe shirin. Kada ku tafi ko'ina ba da izini ba, ba kuma tare da malami ba.

Ku nemi ƙungiyar iyaye da malamai da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Irin su Kawu suna nan da yawa, wasu 'yan kasuwa, wasu ma'aikata, wasu sun yi ritaya. Da yawansu jira suke a tambaye su. Wanda ba zai iya sayen riguna ba zai iya riƙe tuta a gefen layi.

Idan aka samu makaranta ɗaya daga Kazaure, ɗaya daga Babura, ɗaya daga Roni, ɗaya daga Gwiwa, kowacce ta kara da kowacce sau ɗaya, wasa shida ne kacal. In gida da waje ne, goma sha biyu. Zangon karatu ɗaya ya isa a gama na farkon.

Ku kuma ɗauki darasi daga kurakuran jiya. Kowane ɗan wasa ya zo da shaidar cewa ɗalibi ne. A samo alƙalin wasa daga makarantar da ba ta cikin wasan. A tanadi akwatin magani da wanda ya iya amfani da shi. A tsayar da doka cewa makarantar da magoya bayanta suka yi jifa an ci ta. Baƙo ya fara shan ruwa. A tashi kafin Magariba.

Abu na ƙarshe, ku sayi littafi mai bango mai kauri ku riƙa rubuta ranar wasa da sunayen waɗanda suka buga da wanda ya ci. Ku ɗauki hoto ku wanke shi a takarda, kada ku bar shi a waya kawai. Cikin samari goma sha ɗaya da ke hoton Kawu, huɗu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Akwai ɗaya da Kawu ya yi ta ƙoƙarin tuna sunansa na yanka ya kasa, laƙabinsa na fili kawai ya rage masa.

Daren da zan koma makaranta, ƙanena ya same ni ina haɗa kaya. Ya ce ya bincika, ashe suna da gola, wani yaro ne ɗan aji huɗu daga wani ƙauye a hanyar Roni, kuma an ce ba ya tsoron ƙafa. Ya ce shi da abokansa sun rubuta takardar, amma suna so Kawu ya duba musu kafin su kai.

Kawu ya sa tabarau ya karanta ta sau biyu. Ya gyara musu gaisuwar farko, ya ce ba a yi wa shugaban makaranta sallama kamar abokin wasa. Sannan ya miƙa musu, ya ce in an sa rana a gaya masa da wuri, don akwai wanda zai kira daga Babura.